Gwiwar Kawu Tibo

Ranar da Nafisa ta gama jami'a, muna zaune a falo ana cin abinci, sai maganar Kawu Tibo ta taso, kamar yadda take tasowa duk lokacin da gidan nan ya cika. Nafisa ta ce cikin dariya, da Turancinta, ai Baba ne ya kore shi. Mamman ya gyaɗa kai, bakinsa cike da shinkafa. Uwarku Rakiya ta dube ni, ni kuwa na dubi kwanona. Dariya kuka yi, amma na san maganar ba ta dariya ba ce, domin tun kuna yara kuka ajiye ta a ranku, kuma ni ne na bar ku da ita. Yanzu da gwiwoyina suka fara yi mini irin ƙarar da tasa take yi, gara in rubuta muku yadda abin ya kasance tun ina iya tunawa.

Kun san ni da teburina a bakin titin Grand Concourse: huluna da safar hannu lokacin sanyi, tabarau lokacin zafi, lema duk ranar da hadari ya haɗu. Abin da ba ku sani sosai ba shi ne gidanmu na Tasawa gidan ɗori ne. Kakana maɗori ne, babana ma haka, ni kuma tun ban kai tsawon randa ba nake riƙe ƙafar wanda ya karye ana ja, ina miƙa kara da tsumma da man shanu. Gidan yana da ƙa'ida biyu da ba a takawa. Ta farko, ba a karɓar komai daga hannun majinyaci sai ranar da ya tako da ƙafarsa ya shigo zaure. Ranar ce zai kawo zakara da goro, in kuwa bai warke ba, ko tsinke ba a karɓa. Ta biyu, abin da hannunka ya ji a jikin mutum shi za ka gaya masa. Babana mutum ne mai taushi, amma sau da yawa na ga ya shafa ƙafa, sannan ya ce wa dattijo mai furfura wannan ba za ta ƙara bin garma ba, a nemi abin da za a yi a zaune. Da na zo New York na sa hannuwana a aljihu, domin an gaya mini ƙasa ce da in ka taɓa mutum abu ya ɓaci, sai ka kwana a hannun lauyoyi. Sai dai ido ba ya shiga aljihu. Har yau in mutum ya wuce gaban teburina, kafin in ga fuskarsa na ga tafiyarsa.

Da tafiyarsa na fara sanin Tibor. Muna hawa na uku a benen nan na Mount Hope, shi ya kama ɗaki a hawa na biyar, kuma lif ɗin gidan, kun tuna, ya fi kwana a lalace. Dogo ne, siriri, kansa aske ƙwal, kullum da jaka a kafaɗa. In zai hau matakala da ƙafar dama yake farawa, ta hagu ta biyo baya kamar ana lallashinta. Wata rana ya tarar da uwarku tana fama da buhun shinkafa a ƙasan bene, ya saɓa ya kai mata har ƙofa, ya tsaya yana haki yana murmushi. Uwarku kuwa ba ta iya karɓar alheri ta bar shi haka. Da yamma ta cika kwano da tuwo da miyar kuka ta miƙo mini.

"Malam, kai ma Anasaran nan na sama. Mi yake ci ne? Dube shi, iska na iya ɗaukar shi."

Na ce mata ban taɓa ganin Bature ya ci miyar kuka ya rayu ba. Washegari ya dawo da kwanon a wanke, da wani jan gari a ƙaramin gwangwani, ya ce barkonon ƙasarsu ne, uwarsa ta aiko masa daga Hungary. Rakiya ta lasa, ta sake lasa, ta ce wannan ai barkono ne da aka cire wa zuciya, launi kawai ya rage masa. Nafisa ta fassara masa, ya yi dariya har ya dafa bango. Daga ranar ya zama ɗan gida. Ya koyi cire takalmi a ƙofa, ya koyi ci da hannun dama, ya koyi yin shiru in ina salla. Ku kuka raɗa masa Kawu Tibo. Turancinsa gurgu ne, nawa ma gurgu ne, ina jin shi ya sa muka fahimci juna da wuri.

Ɗan ƙwallo ne, kuma ba na wasan yamma ba. Da ita ya ci ya sha tun yana saurayi. Bayan an gama cin abinci yakan jera kofuna da cokula a kan tabarma ya ba mu tarihinsa. An haife shi a wani ƙaramin gari kusa da kogi, ubansa ma'aikacin jirgin ƙasa. A kulob ɗin garin ya fara, yana baya ta hagu, har wani babban kulob na Budapest ya gan shi ya ɗauke shi bai gama tsiro gemu ba. Ya ce shekarun nan in ya shiga gidan abinci ba a barinsa ya tsaya layi. Sau ɗaya aka kira shi ƙungiyar ƙasa. Ya sa rigar, ya rera taken ƙasarsu da hawaye, ya zauna a benci cikin sanyi yana jiran koci ya waiwayo, har alƙalin wasa ya busa tashi bai taɓa ƙwallo ba. Yana cewa ba komai, za a sake kira. Kafin a sake kira gwiwar hagu ta tsinke, aka yi masa tiyata, ya yi shekara yana jinya. Daga nan aka fara miƙa shi hannu zuwa hannu: wani kulob a Ostiriya, wani a wani tsibiri mai zafi, a dawo gida, a sake fita, kowane kulob ya fi na baya ƙanƙanta, har ya faɗo wata ƙaramar ƙungiya a nan New York da shekarunsa talatin da 'yan kai. Aurensa ya mutu a hanya, ya bar 'yarsa ƙarama wurin uwarta can ƙasarsu, sai a waya yake ganin haƙoranta suna zuba suna tsirowa. Na ce masa mu 'yan tebur mun san wannan, hular da yayinta ya wuce ana ta matsa ta gefe har ta kai ƙarshen tebur. Ya ce to shi dai bai faɗi ƙasa ba tukuna.

Sau ɗaya na rufe tebur na bi ku kallon wasansa, a wani ƙaramin fili da jirgin ƙasa yake wucewa ta bayansa. Ban san kan ƙwallo ba, amma na ga abin da ya ba ni sha'awa. Samari suna ta gudu suna zufa, shi kuwa da ƙyar yake gudu. Yana tsaye yana nuna wa wannan can, yana daka wa wancan tsawa, sai ka ga ƙwallo ta zo daidai inda ya riga ya tsaya, ya karɓe ta kamar an aiko masa. Mamman yana ta tsalle yana kiran sunansa. Ana dab da tashi ya yi sama zai sa kai, ya sauko a ƙafar hagu. Ba wanda ya taɓa shi. Na ga hannunsa ya kai gwiwa tun bai kai ƙasa ba.

Aka sake yi masa tiyata. Kulob ɗin ya biya asibiti, amma kwantiraginsa ya ƙare ba a sabunta ba. Likita ya gaya masa a fili cewa zai yi tafiya, zai hau keke, amma ƙwallon sana'a ta ƙare. Tibor ya ce haka wancan likitan na farko ma ya ce, ga shi ya ƙara shekaru goma a fili. A lokacin ne uwarku, wadda ba ta iya riƙe sirrin da zai amfani mutum, ta gaya masa mijinta ɗan gidan ɗori ne, kakanninsa sun tayar da mutanen da raƙumi ya taka. Wata la'asar ya sauko da sandunansa, ya zauna a kujerar nan ta kusa da taga, ya naɗe wando ya ɗora mini ƙafa a cinya. Na daɗe ina kallon ƙafar. Sannan na ce Rakiya ta miƙo man kaɗe. Ba ɗori na yi masa ba, domin babu abin ɗorawa, murza kawai nake yi don kumburi ya sauka, ina tofa abin da babana yake tofawa. Yana jin daɗi, ni ma ina jin daɗi, domin hannuwana sun yi kewar aikinsu. Ranar na ba shi labarin zauren Tasawa da zakara da goro, yana ta mamakin likitan da ba ya karɓar komai sai mutum ya warke.

To a nan kuskuren ya shigo, kuma ba na mutum ɗaya ba ne, na gidan ne gaba ɗaya. Kun san yadda muke gaida mara lafiya. Ko mutum yana kan gargara, ana ce masa ai da sauƙi, za ka tashi in sha Allah, shi ma ya amsa da sauƙi. Ba ƙarya ba ce a wurinmu, addu'a ce da ladabi, kuma kowa ya san haka. Duk wanda ya shigo gidanmu ya tarar da Tibor da ƙafa a miƙe sai ya yi masa wannan gaisuwa. Matan Zango 'yan Ghana na hawa na biyu suka yi, abokan teburina suka yi, limaminmu ma ya yi, har ya ƙara da cewa za mu zo kallonka a fili. Nafisa tana fassara masa kalma da kalma. Ni ma in na gama murza, ya tambaye ni yaya, sai in ce da sauƙi, Allah ya ƙara sauƙi, kamar yadda bakina ya saba. Ban lura ba cewa a kunnensa maganar sauran mutane gaisuwa ce, tawa kuwa hukuncin maɗori ce. Alhali hannuna ya daɗe da sanin gaskiya. In na dafa ƙoƙon gwiwar na lanƙwasa ƙafar, ina jin ƙashi yana gugar ƙashi a ƙarƙashin tafina, gurus-gurus kamar tsakuwa a cikin shinkafa, guringuntsin da ke tsakani ya cinye. Duk ranar da ya gwada ɗan gudu a filin unguwa, washegari gwiwar ta cika da ruwa ta yi zafi. Abin da likita ya gani a hoto, shi nake ji a hannu.

Da sanyi ya fara ja baya, wata rana ya shigo da fara'a ya ce an kira shi daga garinsu. Kulob ɗin da ya fara wasa a cikinsa yana neman wanda zai horar da yara, kuma shi suke so, amma sai ya ba da amsa kafin ƙarshen wata, in ba haka ba su ba wani. Garin tafiyar ɗan lokaci ce a jirgin ƙasa daga inda 'yarsa take. Rakiya ta fara yi masa barka. Sai ya ɗaga hannu.

"Zan ce musu a'a. Akwai wata ƙungiya a nan da za ta gwada ni da bazara. Kakar wasa ɗaya kawai nake so, in bar fili da ƙafata, ba a kan makara ba. Yusuf ya ce tana samun sauƙi. Yusuf ya sani."

Ya dafa kafaɗata. Ban taɓa jin hannun mutum ya yi mini nauyi irin na ranar ba.

Da safe, kun tafi makaranta, ina ɗaure kayan tebur, na gaya wa uwarku abin da na yanke. Ta ajiye butar shayi.

"Kai ne Allah, Malam? A ina ka taɓa jin an je gaida marar lahiya an ce mishi ba ya tashi? Mutum ba uwa ba uba a garin nan, ɗan abin da yake riƙe da shi kake so ka ƙwace?"

"Ba gaisuwa ya zo nema wurina ba, Rakiya. Ƙafa ya ɗora mini a cinya."

"To bar shi ya je gwajin. In sun ƙi shi, su sunka ƙi shi, ba kai ba."

"Kafin su ƙi shi an ba wani aikin can. Ya rasa ƙwallo, ya rasa aiki, ɗiyarsa ta girma a waya. Mi za mu ce mishi ranar? Da sauƙi?"

Ta share ido da gefen mayafi, ta ce ita dai ba da bakinta ba. Ban ga laifinta ba, kuma har yau ban gani ba. Tana son sa ne ta hanyar gidansu, ni kuma ina son sa ta hanyar gidanmu.

Ranar Lahadi da la'asar ya sauko kamar kullum. Na murza ƙafar fiye da yadda na saba, ina neman inda zan fara. Daga baya na kama hannunsa na ɗora a kan ƙoƙon gwiwar, na sa nawa a sama, na lanƙwasa ƙafar a hankali.

"Ka ji wannan?"

Ya ce ya ji.

"Wannan ba ya warkewa, Tibor. Ba a Tasawa ba, ba a nan ba. Za ka yi tafiya, za ka ɗauki 'yarka a kafaɗa. Amma ba za ka ƙara buga ƙwallon sana'a ba. Ka kira mutanen garinku ka ce musu kana zuwa."

Ya dube ni, ya dubi Rakiya da ke tsaye a ƙofar kicin.

"Watanni kuna ce mini da sauƙi. Dukanku."

"Gaishe ka muke yi. Haka muke gaida wanda muke so. Yau kuwa ba gaisuwa nake yi ba."

Ya janye ƙafarsa daga cinyata, ya sauke wando, ya sa takalmi a tsaye, abin da gwiwar ba ta so. Kuna laɓe a lungun ɗakinku, na ga inuwarku. Abin da kuka ji shi ne Baba ya ce wa Kawu Tibo ya gama, ya koma ƙasarsu. Abin da kuka gani shi ne ya fita bai waiwayo ba, Mamman yana kiransa. Ban ce kun ji ƙarya ba.

Makonnin da suka biyo baya sun yi mini tsawo. Ina jin takunsa a matakala, dama sannan hagu, ya iso hawa na uku, ya wuce. Rakiya ta aika da tuwo, kwano ya dawo a wanke an ajiye a bakin ƙofa ba sallama. Nafisa ta daina gaishe ni da Hausa, Mamman ya tura ƙwallonsa ƙarƙashin gado. Uwarku tana ba ni abinci ba ta zama in ci. Ni da nake da baki a tebur har 'yan sanda suna tsayawa hira da ni, na zama baƙo a falona. Na yi kewar mutumin nan ƙwarai, kuma sau da yawa na tambayi kaina ko babana ma haka yake kwana bayan ya gaya wa mutum gaskiya.

Wata safiya ana yayyafi, ban fita da wuri ba, kun riga kun tafi makaranta. Na ji takun ya sauko, ya tsaya a ƙofarmu. Na buɗe. Tibor ne, ba sanda, da babban akwati a bayansa da leda biyu a hannu. Ya cire takalmi ya shigo har tsakiyar falo, ya miƙo mini ledar farko. Zakara ne, yankakke, figagge.

"Na je inda Musulmi suke sayar da kaji masu rai. Na roƙe su su ba ni shi da ransa, suka ce doka ta hana, sai dai su yanka. Ka yi haƙuri da shi haka."

A leda ta biyu goro ne, daga shagon 'yan Afirka na kan kwana, ya ce mai shagon ya daɗe yana kallonsa kafin ya sayar masa. Na mayar da hannuwana baya.

"Ba a karɓa, Tibor. Ban warkar da kai ba."

"Ka ce sai ranar da mutum ya tako da ƙafarsa ya shigo. Ga ni na tako. Jirgina da yamma ne. Ranar Litinin zan fara da yaran."

Rakiya ta fashe da kuka ta shige kicin. Ni kuwa na tsaya ina tunanin abin da babana zai yi, sannan na miƙa hannu biyu na karɓa. A duk zamana na Amurka, shi ne ladan ɗori ɗaya tilo da ya taɓa shiga hannuna. Ya zauna a kujerar taga, ya naɗe wando ya ɗora mini ƙafar, ya ce in murza sau ɗaya, amma kada in gaya masa komai. Na murza masa. Da zai tafi na ce ya jira ku dawo, ko ya biya ta makaranta. Ya girgiza kai, idonsa ja. Ya ce in ya ga Mamman da Nafisa ba zai hau jirgin ba, kuma ya roƙe ni kada in gaya muku ya zo ya ƙi jiranku. Na ɗaukar masa akwati har ƙasa. Na yi lissafi a raina cewa fushinku da ni zai fi muku sauƙin ɗauka, domin ni ina nan kullum, za ku iya harara ta, shi kuwa ba za ku samu inda za ku kai naku ciwon ba. Uwarku ta yarda mu ɓoye muku, karo na farko da ta yarda da ni a waccan shekarar.

Yana can har yanzu yana horar da yara. Lokaci-lokaci yakan turo mini hoto a waya: yana tsaye a bakin fili da usur a wuya, ya yi ƙiba, ya jingina nauyinsa a ƙafar dama, wata budurwa mai irin hancinsa tana gefensa. Yakan tambaye ku da sunayenku. Lambarsa tana wayata, duk wanda yake so ya zo ya karɓa.

Da yammacin ranar da ya tafi, uwarku ta yi miyar kaza, ta juye sauran jan barkonon nan marar zuciya a ciki. Kuka dawo, na ce muku Kawu Tibo ya koma ƙasarsu. Nafisa ta ce, "Ai ka ji daɗi," ta juya mini baya ta ci nata tana fuskantar bango. Kai kuwa Mamman, kana kuka kana ci, ka cinye cinya ɗaya ka miƙa wa uwarka kwano ta ƙara maka ɗayar, ko kallona ba ka yi ba. Wannan zakaran da kuka ci, na Kawu Tibo ne.